Fito Guda, Take Guda

Ran kasuwar Goronyo da ta wuce na kai albasa, sai na tarar an kawo wani mawaƙi daga birni. Ban san sunansa ba, ban kuma tambaya ba. Tun daga bakin tasha hotonsa ne manne ga kowane bango, ya sa baƙin tabarau ya riƙe haɓa. Mota guda cike da lasifika anka sauke cikin fili, anka jera su bisa juna kamar buhunan gero, janareta na ta gurnani daga baya. Da la'asar sunka soma, don yanzu ba mai yarda duhu ya same shi kan hanya. Ɗana na biyu, wanda ke kabu-kabu da babur, shi ya ja hannuna. "Baba, taho ka ga wasan zamani, ka huta da ba mu labarin dauri." Na je na tsaya can baya. Ƙara kam akwai ta, har cikin haƙora nake jin ta. Amma na duba gabas na duba yamma, ban ga ganga ko guda ba. Kiɗan cikin na'ura yake, wani na danna ta da yatsa. Mawaƙin na tsalle, bakinsa na motsi, samari sun ɗaga wayoyi sama, kowa na kallon wasan ta cikin wayarsa alhali ga shi gabansa. Can sai ɗana ya kutsa ya raɗa wa mai riƙe da makirfo magana. Jim kaɗan na ji an kira sunana cikin lasifika, tsakanin sunan wani mai shayi da na wani dillalin shanu. Ya dawo yana washe baki. "Baba, ka jiya? An hwaɗi sunanka!" Na ce na ji. Ban gaya masa ko gashin jikina guda bai motsa ba. Don ya faranta mini ya yi, Allah ya yi masa albarka. Na hau bayan babur ɗinsa munka kamo hanyar gida, shi yana ta labarin mawaƙin, ni kuwa hankalina ya koma gulbi.

Mu masu fito ne tun kakanni. Ƙauyenmu na ƙetaren Rima, sunansa ba zai amfane ka da komi ba. Lokacin da nake saurayi an riga an datse ruwa can sama, amma gulbin bai gama ladabtuwa ba. Daga tsakiyar damina har bayan kaka cika yake yi ya batse, ko doki bai ratsa shi, sai da jirgi. Jirgin kuwa na tsohona ne. Abin da na buɗe kunne da shi ke nan: wani daga waccan gaɓa ya dafe kunne ya kwarara, "Mai fito-o-o!" sai muryar ta taho bisa ruwa a hankali kamar ita ma fiton take jira. Sai ƙwal-ƙwal ɗin gwangwala tana bugun gefen jirgi, da kukan awakin da anka ɗaure wa ƙafafu, da salatin tsofaffi mata in jirgi ya ɗan karkata. Aikina na fari kwashe ruwa daga cikin jirgi da ƙoƙo, da cusa tsumma inda katako ya tsage. Na daɗe ga wannan kafin a bari in taɓa gwangwala. Tsohona ba mai yawan magana ba ne. Abin da ya fi faɗa mini shi ne, "Dibi ruwa, kada ka dibi waɗanda ka ɗauko." Wani lokaci kuma ya ce, "Gulbi bai son mai gaggawa, bai son mai barci." Ba na cewa dauri ya fi yanzu ga komi. Dauri ma akwai yunwa, akwai kurkunu, akwai shekarar da ruwa ya ci mana gero tsaye. Amma akwai abin da ya wuce wanda ban ga madadinsa ba.

In gero ya shiga rumbu, an ɗaure dawa, aljihun samari ya ɗan yi nauyi, to makaɗa na tafe. Akwai wani tsohon makaɗin kalangu da ke yawon wasa da jama'arsa kowace shekara. Ba mu kiran sunansa na yanka, Kaka-ta-yi muke ce masa, don ganinsa shi ne shaidar kaka ta yi. Daga wajen Rabah suke tasowa, su yi Marnona, su yi Wurno, sannan su ƙetaro wajenmu su bi ƙauyukan ƙetare ɗaya bayan ɗaya, su ɓulla Goronyo ta wani mashigin can sama. Da ƙafa suke tafiya, jaki na ɗauke da kayan kiɗa. Akwai 'yan amshi, akwai masu ƙananan ganguna, akwai sanƙiransa, wani dogo mai ido ɗaya da murya kamar ta jaki, shi ke yi wa mutane kirari yana zuga su. Duk inda sunka sauka garin ba ya aiki sai sun tashi.

To ga al'adar da ke tsakaninsu da masu fito, wadda na tabbata yaran yanzu ba su taɓa ji ba. Makaɗi bai biyan kuɗin fito. Da take yake biya. Daga gaɓa zuwa tsakiyar gulbi, mai fito ke ba su labarin gari: wa ya rasu bana, don kada su kaɗa taken mamaci su tayar wa iyalinsa da kuka, wa ya yi amarya, wa ya fi kowa dame, su wa ba su ga maciji, don kada a wasa ɗaya gaban ɗaya. Mai fito shi ne kunnensu. In an kai tsakiya kuma sai makaɗi ya biya. Fatar kalangu ba ta son sanyin gulbi, in ta sha shi sai ta saki, murya ta mutu, sai an shanya ta ga rana. Shi ya sa duk gangunan a naɗe suke cikin tsumma, guda ɗaya tak ake kwancewa, a kaɗa taken mai riƙe da gwangwala daga tsakiyar ruwa har hancin jirgi ya taɓa yashi. Fito guda, take guda. Kuma take ba kiran suna ba ne. Makaɗi sai ya kalli mutum, ya ga yadda yake tafiya da yadda yake aiki, sannan ya ɗinka masa kiɗa daidai jikinsa kamar riga. Ba a gadonsa, ba a aronsa. Ranar da anka yi wa ɗan mai fito nasa take, to na uban an jingine shi ke nan, ba a ƙara kaɗa shi bisa wannan ruwa.

Taken tsohona, in ka mayar da shi baki, cewa yake: Ƙi-jiran-rani, tura mu tai, gulbi ya cika, kai ka fi shi cika. Na ga mutumin da bai dariya gida, amma in wannan kiɗa ya tashi sai ƙirjinsa ya buɗe, ya ɗaga hannu guda ya yi jinjina, ɗaya hannun na bisa gwangwala, jirgi ya riƙa tsaga ruwa kamar ana jan sa da igiya. Duk garin na gaɓa suna kallo. Rana guda ce cikin shekara, amma ita yake ci har wata kakar.

Shekarar da nake ba ka labari, tun farkon damina tsohona ya ce da ni, muna ɗaure jirgi, bai ko dube ni ba, "Bana kai ka ɗauko su. In ce ma Kaka-ta-yi ya yi maka naka take." Ban yi barcin kirki ba don murna. Na gaya wa abokaina, na gaya wa wanda bai tambaye ni ba. Akwai wata yarinya mai sayar da fura bakin mashigi, baƙa, mai kaifin baki, ba ta bar kowa ba. Na je na tsaya gabanta na ce, "Ke, bana za ki ji takena." Ta ci gaba da dama furarta ta ce, "Kai? Ai na san shi tun tuni. Kwashe-ruwa-da-ƙoƙo, jiƙa wando mu tai." Mata sunka kwashe da dariya. Na ce ta jira kaka.

Kaka ba ta zo ba sai da tsohona ya faɗi. Nan bakin mashigi, yana jan igiya, sai gani anka yi ya durƙushe. Ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, baki ya karkace, magana ta tafi. An kai shi asibiti, an yi rubutu, an yi na Hausa. Ya rayu, amma kwance. Gwangwala ta dawo hannuna ba ta hanyar da na so ba. Gidanmu kusa da ruwa yake, duk kiran da anka yi daga ƙetare yana jin sa. In an ce "Mai fito!" sai in ga hannunsa na dama ya zabura, sannan ya tuna, ya juya fuska ga bango. Tun ana zuwa gaishe shi har anka rage, don mutane ba su iya zama da wanda bai amsa musu. Ya soma ture abinci. Inna ta bi shi da kunu, ta bi shi da fura, ya datse haƙora. Wata rana ta same ni bayan ɗaki ta ce, "Mutumen ga ba ciwo ka kashe shi ba, zucciya ta. Gani shike an gama da shi." Na ce to mi zan yi? Ta ce ita ma ba ta sani ba.

Ran nan da hantsi sai ga muryar sanƙira daga ƙetare, ba mai ɓata ta. Gari ya ruɗe, yara na gudu, mata na fitowa da ludayi a hannu. Tsohona ya dinga dukan tabarma da hannunsa mai lafiya, yana wani gunji, har munka gane waje yake so a kai shi. Ni da maƙwabcinmu munka ɗauke shi, ba nauyi, munka jingina shi ga gindin giyayyar da ke bakin mashigi. Inna ta lulluɓa masa zane. Zan juya sai ya kama rigata. Ya nuna ƙetare, ya dawo da yatsa ya dangwara mini ga ƙirji. Na gane. Bai manta alkawarinsa ba, cewa yake in karɓi nawa. Na ce to, na sauka na kwance jirgi.

Ina isa waccan gaɓa sanƙira ya kare ido ɗayan da tafin hannu. "A'a! Ina mai jirgin? Wa ya turo muna ɗan tsako? Kai, ka iya ruwa kuwa, ko mu yi wasiyya?" Na ce tsohona na can gaɓa, bai tashi tun damina. Kaka-ta-yi na zaune bisa wani kututture, ɗan tsamurmurin tsoho da jar hula. Ya ce, "Inna lillahi. Baki fa?" Na ce babu. "Kunne?" Na ce kunne lafiya lau. Ya gyaɗa kai ya ce, "To da saura." Anka loda ganguna, anka bar jakin da mai kula da shi sai sawu na biyu, na tura.

"Wa da wa munka rasa bana?" in ji Kaka-ta-yi. Na lissafa masa. Na gaya masa angwaye, na gaya masa wanda ya fi dame, na gaya masa 'yan gida ɗaya da sunka yi rigimar iyakar gona. Yana ji, amma idonsa na ga hannuwana. Da munka kai inda ruwa ke yin baƙi, gwangwala na nutsewa har kusa da ƙarshenta, sai ya jawo kalangu guda ya soma warware tsumma. Ya rataya, ya matse da hammata, ya ɗauki gula. Sannan ya ce, "Ɗana, tun da munka taso nike kallon ka. Ba irin turin tsohonka kake ba. Shi da ƙirji shike turi, kai da ƙugu. Na samu abin da zan ce maka, ga shi nan bakin gula. Amma ka san ƙa'ida. In na buɗe naka, na rufe nashi. Mi kac ce?"

Na ce, "Baba, ba a haɗa su?" Ya ce, "Jirgi guda, gwangwala biyu? Sai ya juya da mutane." Sanƙira ya zungure ni da ƙafa. "Karɓi abinka, kai! Dibi 'yanmata can sun cika gaɓa. Irin wagga rana ba ta dawowa."

Sai na yi abin da tsohona ya hana ni, na ɗauke ido daga ruwa na dubi mutane. Gaɓa cike take. Ga abokaina sun hau tudu, ga mai fura ta tsaya da ƙwaryarta bisa kai. Na nemi tsohona, da ƙyar na gano shi. Jama'a sun sha gabansa, duk sun ba shi baya, yara na tsallake ƙafafunsa don su sami wurin gani. Daga inda nake kamar ƙunshin wanki anka ajiye gindin itace. Mutumin da in ya tsaya mashigin nan kowa ke ja masa baya. Na ce, "Baɗi kuna tahowa?" Kaka-ta-yi ya ce, "In mai rai ya bar mu." Na ce, "Kaɗa na tsoho." Ya dube ni. "Ka tabbata?" Na ce, "Fata na shan sanyi, Baba."

Ya sauke gula. Wanda bai taɓa jin kalangu bisa ruwa ba bai san kalangu ba. Ba ƙara ce ba, ƙarar ba ta kai rabin lasifika guda ta Goronyo ba. Amma magana ce, kuma kowa a gaɓar nan ya san da wa ake. Ƙi-jiran-rani, tura mu tai. Na ga hayaniya ta tsaya. Na ga kawuna sun soma juyawa baya, ɗaya bayan ɗaya, sannan jama'a ta dare biyu, hanya ta buɗe tun daga bakin ruwa har gindin giyayya. Ga shi nan zaune. Zanen ya zame daga kafaɗarsa. Hannun dama na tashi a hankali, har ya miƙe sama, ya dunƙule. Ya buɗe baki zai yi kirari, abin da ya fito ba magana ba ce, amma har tsakiyar gulbi na ji shi. Sanƙira, wanda ya gama ce mini in karɓi nawa, shi ya miƙe tsaye cikin jirgi har ya kusa kifar da mu, ya dafe kunne ya karɓar masa kirarin: "Sai kai, na gaban ruwa! Gulbi ya cika, kai ka fi shi cika!" Mata sunka rangaɗa guɗa. Ni kuwa sai na ji ina turi da ƙirji, don kiɗan bai shiga da ƙugu.

Hancin jirgi na taɓa yashi kiɗa ya tsaya. Kaka-ta-yi ya sauka ya bi hanyar nan da ta buɗe, ya tsuguna gaban tsohona ya kama hannunsa. "Ƙi-jiran-rani, ka ga ɗanka? Na taho da riga sabuwa, ya ce a wanke tsohuwa." Na matso. Tsohona ya harare ni da idon nan mai lafiya, ya kai mini duka ga ƙwauri, duka na gaske. Sannan bai ɗauke hannun ba, ya riƙe idon sawuna ya matse. Mun daɗe haka. Can ya saki, ya nuna ƙwaryar mai fura. Ta sauke ta dama, ta durƙusa, ta ce da ni ba tare da ta ɗago ba, "Kwashe-ruwa-da-ƙoƙo, riƙe mashi kai." Ba wanda ya yi dariya. Ya sha har ya nemi ƙari. Inna ta juya baya tana gyara ɗankwalin da bai kwance ba.

Da la'asar anka yi wasa a dandali, ƙura ta tashi, anka kaɗa wa manoma nasu, 'yan kokawa nasu, kowa ya ji nasa ya fito ya yi jinjina. Ni na tsaya gefe. Ranar da za su tashi na bi Kaka-ta-yi har bayan gari na ce, "Baba, ko da baki, gaya mani mi za ka ce." Ya ce, "Take ba a hwaɗin shi, kaɗa shi ake. Baɗi, tsakiyar ruwa." Tsohona ya ci gaba da cin abinci, kullum da hantsi a kai shi gindin giyayya, masu shiga jirgi su tsaya su gaishe shi da takensa. Da bazara Allah ya karɓi abinsa. Kaka ta zagayo na gyara jirgi na sake gwangwala, na jira. Sai labari munka ji makaɗan sun sami mota, daga Wurno sun bi kwalta sun zarce Goronyo, wanda ke son wasa ya same su can. Wata shekarar anka ce Kaka-ta-yi na jinya. Daga nan anka ce ya rasu, ɗiyansa ba wanda ya ɗauki gula. Ya tafi da takena bakin gularsa, ba wanda ya taɓa jin sa, har ni.

Ana cewa in kiɗa ya sake rawa ma sai ta sake. Ta sake kam. Fito ya ja baya, jirgin ya ruɓe bakin ruwa, na koma noman albasa kamar kowa, ga ciwon baya, ga tsadar taki. Wani lokaci in ina ban ruwa nakan gwada ƙirƙiro abin da tsohon nan zai ce da mai turi da ƙugu, ba ya fitowa. Ban ce abin bai dame ni ba. Wataƙila ma da na karɓi nawa, da tsohona ya ji daɗi ta wata hanyar, tunda shi ya nuna ƙirjina. Ban sani ba. Abin da na sani, ya sha fura ranar.

Mai furar nan ita ce uwar ɗiyana. Bakinta bai dushe ba. Da munka dawo daga Goronyo ɗana ya ba ta labari an kira sunana cikin lasifika, ta ce, "To madalla, yau Kwashe-ruwa ya shiga gari." A duk ƙauyen nan yanzu ni da ita kaɗai munka rage da sanin taken tsohona. In gari ya waye bayan na dawo masallaci na sake miƙewa bisa tabarma, baya ya ƙi, gona na jira, ba ta ce mini in tashi. Sai ta kife ƙwarya ta ɗauki ludayi ta soma: Ƙi-jiran-rani, tura mu tai. Ba ta iya ba, kullum sai ta yi gaggawa wajen ƙarshe. Nakan ce mata ba haka ake kaɗa shi ba, kuma ba nawa ba ne. Ta ce ta sani. Sai in laluba takalmana.